Fili a Zanzibar ko fili a Ɗanbare?

Yayana, ɗan kasuwa a Kantin Kwari, ya dawo daga Zanzibar da burin gina gida a bakin teku. Na fahimce shi: Unguja, babban tsibirin Zanzibar, akwai kyau, yawancin mutanensa Musulmi ne, kiran sallah ba zai yi masa nisa ba.

Amma can ƙasa ta gwamnati ce, baƙo haya kawai yake samu ta wasu shekaru, kuma ba da naira za a yi ciniki ba, shi kuwa naira yake samu. Iskar teku mai gishiri tana cin kwano da rodi. Wa zai tsaya kan magina? Kafin ya duba tubali ɗaya sai ya bi jirgi ta Addis Ababa.

Ɗanbare, unguwar da ke nan Kano, ita ma ba ta rasa matsala. Ana sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, shi ya sa dole a bincika a KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Kano, a nemi mai unguwa da shaidu. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna. Sai dai kullum bayan la'asar zai iya zuwa ya ga aikinsa.

Na ce masa, "Yaya, fara da nan. Hajiya tana son ta riƙa ganin jikokinta."