Katin Tunawa da Yaro: Sharhi kan Wata Maɗaba'a a Jos

A cikin maɗaba'un da ke kewayen kasuwar Terminus a Jos akwai wata ƙarama da ta rungumi aikin da sauran ba su cika kula da shi ba, wato buga katin tunawa da yaron da ya rasu. Galibin masu zuwa wurinta iyalai ne Kirista masu magana da Hausa, waɗanda suke ganin babbar takardar tsarin jana'iza ta yi wa ɗan ƙaramin yaro yawa. Katin bai wuce tafin hannu ba, hoto a gaba, suna da ranakun haihuwa da rasuwa a baya, sai baituka kaɗan.

Wanda ya san tarihin Filandas, a arewacin Beljiyam, zai gane wannan tsari. A ƙarni na 19 iyalan Katolika na can kan raba irin wannan kati a wurin jana'iza, jama'a kuma su ajiye shi cikin littafin addu'arsu domin kada su manta da mamacin. Iyaye da dama sun roƙi Guido Gezelle, limamin Katolika kuma marubucin waƙoƙi wanda aka haifa a birnin Bruges a 1830 ya kuma rasu a can a 1899, ya tsara musu gajerun baitukan da za a buga a kai, wasu daga ciki na yara ƙanana ne. Shi ne kuma ya rubuta littafin waƙoƙin ta'aziyya mai suna Kerkhofblommen a 1858, bayan rasuwar wani ɗalibinsa na makarantar da ke garin Roeselare.

A ganina darajar wannan al'ada tana cikin cewa baitin na wannan yaron ne, ba na kowane mamaci ba, kuma a nan maɗaba'ar ta burge ni. Matar da ke karɓar aiki ba ta fara da maganar kuɗi. Na ji tana ce wa wata uwa, "Sannu da haƙuri, Mama, wane suna kuke kiransa da shi a gida, kuma me ya fi so?" Daga amsar ake tsara baitukan, a karanta wa iyayen, su gyara abin da bai kwanta musu ba, wani lokaci ma uban ne ke rubutawa da kansa. Suna da kundin baitukan da aka riga aka shirya domin mai gaggawa, amma ban ba da shawararsu ba, domin kalmominsu manya ne kuma babu yaron a cikinsu.

Takardarsu mai kauri ce, bugun hoton kuma yana fita tsaf. Matsalar ita ce haruffa masu lanƙwasa kan ɓace a wasu salon rubutun, saboda haka a nemi ganin samfuri kafin a buga duka, kuma a kai aikin da wuri, domin idan aka ɗauke wuta yakan kwana.