Bakteriyar ƙasa ko hodar feshi, wanne ya fi ma renon tumatir?

Malam, na ga tambayarka jiya da dare, ka ce renon tumatir ɗinka na garka a Jiratawa kusa da Maradi yana faɗuwa, wuyan shukar ya sirance kamar zare ya yi ruwa-ruwa, kuma wani ya ce maka ka bar hoda ka koma ma maganin bakteriya, wanne ya fi. To abin da ke kada shi funfuna ce ta cikin ƙasa, irin su Pythium da Rhizoctonia da Fusarium, kuma wanda ya riga ya kwanta wallahi ba mai tada shi, tuge shi kawai ka fidda daga garkar.

Hodar kemikal dai mun santa. Mancozeb bisa ganye take zama, ba ta shiga jikin shuka, ruwa ya wanke ta sai ka sake fesawa. Apron Star da muke cuɗa irin hatsi da shi yana da sinadarin metalaxyl a ciki, shi yana shiga jiki kuma yana kama Pythium sosai. Ga sauri, ga ta nan cikin kasuwa. Matsalarta in aka dinga maimaita guda funfunar tana sabawa, haka ta faru ga manoman dankalin turawa a Holan tun 1980, metalaxyl ya daina ci. Mancozeb kuwa Tarayyar Turai ta janye izininta a 2020 saboda lafiyar mutane, mu nan ko safar hannu ba mu sawa wajen damawa, abin na damuna ƙwarai.

Ita bakteriya rayayya ce, nan ne bambancin yake. Kamar Bacillus subtilis, in ka cuɗa iri da ita ko ka tsoma saiwar reno kafin dashe, sai ta bi saiwa ta mamaye, ta cinye abincin da funfuna za ta ci, tana kuma fidda wani sinadari da ke fasa fatar funfunar, har shukar ma kanta sai ta ƙara ƙarfin kare kai. Amma fa sai ta riga cutar isa wurin, riga-kafi ce. Kuma tana son ƙasa mai danshi da takin gida da ya ruɓe, in ka zuba ta cikin jigawa busassa tsakar rana ka yi asarar kuɗinka. Tsakanin nau'o'in ma ni Bacillus nake zaɓa ma Maradi, don in zafi ya yi tana dunƙulewa ta yi kwanci har ta samu ruwa, Pseudomonas ba ta iya hakan, buhunta da ya kwana biyu ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu ban yarda da shi ba. Kar kuma ka haɗa bakteriya da feshi mai jan ƙarfe, kashe ta yake.

Da ni ne, renon da ya rage in rage masa ban ruwa, in sassauta shi iska ta shiga. Sabon reno kuma in canza masa wuri in fara da Bacillus tun daga iri, hoda in aje ta sai ganye ya nuna tabo. Ka duba ranar lalacewa a jikin leda kafin ka biya, in da hali ka ɗauki shuka biyu da ƙasarsu ka kai ma ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Tarna su gani.