Man kaɗanya ko basilin a hunturun Kaduna?

Da Disamba ta kama, kirci ya dawo fuska: gautsi, ƙaiƙayi, kumatu fari fat.

Basilin ba ya ƙara wa fata ruwa, tsare wanda ke ciki yake yi. Shi ya sa ake shafa shi da an gama wanka, fuska da sauran danshi. Matsalarsa maiƙo, hau babur zuwa Kawo, ƙura duk ta manne maka.

Man kaɗanya kuwa yana shiga jiki, yana laushi, sai dai na kasuwa wani a gauraye yake, wani har da turare, turare kuma tayar da ƙaiƙayi yake.

Ni dai basilin da dare, kaɗanya tsantsa da rana. In wurin ya fara tsattsafo da ruwa, sai asibiti.