Maganin tsatsa ga tsohon injin wasa: wanne ya cancanci kuɗinka?

Injinan wasan bidiyo na tsaye, waɗanda ake jefa wa tsaba, irin Space Invaders na Taito da ya fito a 1978, da Pac-Man na 1980, da Donkey Kong na Nintendo na 1981, duk sun haura shekara arba'in. Akwatin katako ne, amma ƙofar tsaba da hinjinta, da farantin maɓallai, da sandar sarrafa wasa, da bol da noti, duk ƙarfe ne. Wanda ya daɗe a sito mai laima kuwa, ba ka rasa tsatsa a jikinsa.

Ni dai ruwan cire tsatsa mai suna Evapo-Rust nake saya, kuma ba na ɓoyewa. Ba asid mai ƙarfi ba ne. Sinadarin cikinsa tsatsar yake kamawa ya narkar da ita, ya bar lafiyayyen ƙarfe yadda yake. Wannan shi ne abin dubawa a wurina, domin sassan nan ba a ƙera su yanzu kamar na asali, abin da ya zaizaye ya tafi ke nan. Ka wanke maiƙo tukuna, ka nutsar da ƙarfen a robar da ta ishe shi, ka bar shi ya kwana. Ka tabbata ruwan ya rufe shi ruf, don idan wani gefe ya leƙo waje za ka tarar da layi a daidai bakin ruwan, mai wuyar gogewa. Ana maimaita amfani da shi har sai ya yi baƙi ƙirin ya daina aiki, saboda haka tsadarsa ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Aibinsa guda: yana cire baƙin rufin da masana'anta ke yi wa wasu kusoshi, sai su fito fari-fari.

Ruwan khal, mai asid kusan kashi 5 cikin 100, da garin sitirik na masu haɗa lemo, suna aiki kuma da araha. Sai dai ba su san inda tsatsa ta ƙare ba. Ka manta da su kwana biyu, su cinye rufin zinki, su bar ƙarfe da ramuka. Ga noti da washa na banza babu laifi.

Hanyar lantarki ta fi dacewa da babban abu kamar ƙofar tsaba: bokitin roba, ruwa da sodar wanki, da cajar batir mai bolt 12. Baƙar waya a jikin abin da ake gyarawa, ja a jikin guntun rodi. Kada a sa ƙarfen da ba ya tsatsa a madadin rodin, yana gurɓata ruwan da guba, kuma a yi a fili saboda iskar haidirojin da ke tashi. Sifirin kada ya shiga ciki, yana iya yin gautsi ya karye. Cajojin zamani da yawa ma ba sa tashi idan ba su ji batir ba.

WD-40 na kwance noti ne, ba na cire tsatsa ba. Buroshin waya a kan garanda kuwa, a bar wa masu walda.

Inda aka fi cutar mutane shi ne wajen saye. An taɓa sayar mini da jarka mai lakabi kyakkyawa a wani shago, ashe asid aka sirka aka ɗura. Farantin maɓallai ya fito tas cikin mintuna, washegari ya koma ja, kayan aikin da ke kusa da robar ma suka kama tsatsa saboda tururin. Saurin nan shi ne alamar farko. Evapo-Rust na gaskiya sa'o'i yake ɗauka. Ka duba hatimin murfi, ka sansana daga nesa, in ya harbi hanci ka ajiye. Ka ɗiga kaɗan a kan garin kanwa: in ya tafasa da kumfa, asid ne. Kada ka yarda da wanda zai auna maka a gorar ruwa yana rantsuwa daga babban duro aka ɗebo, ko mai ce maka ruwan batir ma ɗaya ne da shi. Haka hotunan "kafin da bayan" na masu talla a intanet, sau da yawa fenti aka fesa a kan tsatsar, bayan damina ɗaya ya kumbura.

Ko da wanne ka yi, ka ɗauraye, ka busar nan take, ka sa fentin farko ko mai a ranar. Ƙarfen da ke riƙe da allon talabijin ɗin kuma kada ka taɓa shi sai mai gyaran da ya san aikin ya sauke wutar da ke maƙale a kwalbar allon, don tana nan ko an cire filogi.