An kama naka? Ga irin lauyan da za ka nema, ga waɗanda za ka guje wa

Ranar da aka ce ɗan'uwanka yana caji ofis hankali ba ya jikin mutum, duk wanda ya ce "ni na san hanya" sai ka zura hannu a aljihu. To dakata tukuna.

Ni dai a wajena babu kamar lauya mai zaman kansa wanda shari'ar laifi ce sana'arsa ta kullum, ba sai babba mai SAN, wato lambar girman manyan lauyoyi, ba, matsakaici wanda yake da ofis sananne kuma yake ɗaga waya da daddare. Saboda awannin farkon nan su ne rabin shari'ar. Sashe na 35 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya ga lauyansa, ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu, amma wa zai tuna wa 'yan sanda wannan in babu mai tsaya maka a wurin? Irin wannan lauyan shi ne zai zauna a rubuta sitatimen a gabansa, kar yaro ya dangwala hannu a takardar da bai ma iya karantawa ba. Shi zai ce wannan rigimar bashi ce, ba ta 'yan sanda ba ce, ko ya ce ku saki tsohon nan, dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani. In tuhumar babba ce irin kisa ko fashi da makami, kotun majistare ba ta da hurumi, tsarewa kawai za ta yi a jira shawarar ma'aikatar shari'a, kuma a nan ne mutane suke ruɓewa a gidajen yarin Kurmawa da Goron Dutse na Kano don fayil ya kwanta babu mai bi. Lauyan kirki bin fayil ɗin yake yi har ya je babbar kotu neman beli. Da tsada, eh, amma ku yi ciniki tun farko, na beli daban na shari'a daban.

Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai ba da lauya, kyauta ce, tun 1976 take, an yi ta ne don marasa ƙarfi, in babu hali ka je wallahi ba abin kunya ba ne, sai dai lauyoyinsu kaɗan ne aiki ya yi musu yawa. FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata, na taimaka wa mata da yara. Lauyan gidanku mai rubuta takardar fili kuwa, a bar shi a filinsa.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Akwai masu baƙar kwat da ke shawagi a bakin kotu da caji ofis, wasu lauyoyi ne masu cin na yau su ɓace gobe, wasu ko makarantar lauyoyi ba su taɓa takawa ba. Irinsu ne suka karɓe wa yayata kuɗin da ta sayar da ɗan kunnenta wai za a "gyara" da mai bincike, yaron ya kwana a ciki, wayar mutumin ta mutu har yau. Duk wanda ya yi maka alkawarin gobe-gobe za a sake shi, ko ya ce ya san alƙali, ƙarya yake ko kuma zai jefa ka wani laifin. Belin 'yan sanda kyauta ne, a bango ma suna rubutawa. In aka ce mace ba ta tsayawa beli, ba haka doka ta ce ba. Ka nemi cikakken sunansa da lambar rajistarsa ta kotun ƙoli, ka duba ko takardunsa na ɗauke da hatimin NBA, wato ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, ka taka ƙafa ka ga ofishin da idonka, in kana shakka ka tambaya a reshen NBA na garinku. Kuɗi kuma ta banki za ka tura da sunansa ko sunan ofishin, ka karɓi rasit, kar ka yarda da miƙawa a gindin bishiya ko da rantsuwa yake yi maka da Alƙur'ani.