BUK ko Dutse: Wa Za Ka Tarar a Gabanka?

A ƙauyenmu da ke kusa da Jahun, idan yaro zai cike fom ɗin JAMB na neman shiga jami'a, kuɗin mota iyaye ke fara tambaya. Ni kuwa da ƙanina ya zo shawara, cewa na yi: "In ka gama, wa za ka tarar a gabanka?"

Jami'ar Bayero ta Kano, wato BUK, tsohuwar zuma ce. Tun 1977 take cikakkiyar jami'a, shi ya sa da wuya ka shiga ma'aikata, kotu, banki ko gidan rediyo a Kano da Jigawa ba ka iske ɗalibinta ba. Ka ce wa babban ma'aikaci BUK ka yi, sai ya gyara zama ya tambaye ka, a tsohuwar harabar ka yi ko a sabuwa? Daga nan hira ta ɓarke, takardarka ta bar ƙasan tebur. Sai dai fa taron da yawa. Ɗan ƙauye mai kunya yana iya gamawa ba wanda ya riƙe sunansa.

Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 aka kafa ta. Tsofaffin ɗalibanta matasa ne, yawancinsu su ma gindin zama suke nema, ba su kai ga kujerar da za su jawo wani ba. Amma suna ɗaga waya, suna turo sanarwar aiki ta WhatsApp. Ga kusa da gida, ko garin tuwo a aika wa yaro.

Yaron lauya yake son zama, don haka na ce Kano. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, kuɗin haya fa?" Har yanzu muna lissafin buhunan riɗi.