Sharhi Kan 750 Words, Shafin Rubutun da Babu Mai Karantawa Sai Mai Shi

Na shafe shekara huɗu ina rubuta labari a zaurukan WhatsApp, irin wanda ake saki kaɗan-kaɗan kowane dare bayan sallar isha'i. A cikin shekarun nan na ɗanɗani daɗin da marubuci yake ji idan masu karatu suka kama labarinsa, na kuma ga yadda daɗin yake rikiɗewa a hankali har ya koma bashi. Duk ranar da ban saki ci gaba ba, kafin gari ya waye saƙonni sun taru, wasu suna tambayar lafiyata, wasu suna ƙorafi, wasu kuwa suna tsara mini wanda jarumar za ta aura da wanda ya kamata ya mutu. Ba na ganin laifinsu, domin ƙauna ce ta kawo su, kuma da yawansu kuɗinsu suka biya. Sai dai an wayi gari na daina rubuta abin da yake raina, na koma rubuta abin da zai sa a ƙyale ni, daga bisani ma na ajiye alƙalamin ɗungurungum har wata bakwai. Ina cikin wannan hali wata ƙawata malamar makaranta ta nuna mini shafin intanet na 750 Words, kuma yanzu da na yi kusan shekara ina amfani da shi, ina ganin na san shi gwargwadon da zan iya faɗin alherinsa da kuma inda ya gaza.

Wani Ba'amurke ne mai suna Buster Benson ya buɗe shafin a ƙarshen shekarar 2009. Ya ɗauko tunanin ne daga marubuciyar nan ta Amurka, Julia Cameron, wadda a littafinta na 1992 ta shawarci masu aikin fasaha da su riƙa cika shafi uku da rubutun hannu kowace safiya, su zuba duk abin da ya zo musu a rai ba tare da gyara ba, kuma kada su nuna wa kowa. Da yake ana ƙiyasta shafi ɗaya a kan kalma 250, shafi uku ya zama kalma 750, inda sunan ya samo asali ke nan. Abin da mutum zai tarar idan ya shiga bai taka kara ya karya ba: farin fili, kwanan wata a sama, jerin ƙananan akwatuna na ranakun watan, sai lissafin kalmomi da yake ƙaruwa yayin da ake bugawa. Shafin yana adana rubutu da kansa lokaci zuwa lokaci, kuma da zarar an cika kalma 750 sai saƙon taya murna ya bayyana, a yi wa akwatin ranar alama.

Babban abin da ya raba shi da wuraren da muka saba, irin su Wattpad da Facebook, shi ne ba a tanadi wata hanya ta nuna wa jama'a abin da aka rubuta ba. Babu mai yin sharhi a ƙarƙashin sakin layi, babu adadin waɗanda suka karanta, babu wanda zai ce a ƙara yawan shafi. Da farko na ɗauki wannan a matsayin naƙasu, domin na saba da auna darajar rubutuna da yawan martanin da ya samu, har na tambayi ƙawar tawa amfanin rubutun da babu mai gani. Ta ce mini in yi mako biyu tukuna kafin in yanke hukunci.

Kwanakin farko babu abin da na rubuta sai ƙorafi da lissafin cefane da maganganun da na so in faɗa wa wasu ban faɗa ba. Akwai ranar da na cika rabin adadin da maimaita cewa ba ni da abin rubutawa. A rana ta tara ne, ina cikin bayanin ƙurar hunturu da ta cika mini ɗaki, sai na tsinci kaina a Funtuwa ina 'yar shekara takwas, a tsaye kusa da wata tsohuwa mai sayar da fura a bakin tasha, motocin auduga suna wucewa farin kaɗa yana tashi yana maƙalewa a mayafinta. Na tuna yadda take juya ludayi a cikin ƙwarya, da yadda take ƙulle kuɗinta a haɓar zane, da wata tsaga guda ɗaya a kumatunta wadda a lokacin nake tsoron tambayar asalinta. Ban tsara zan rubuta ta ba, kuma da a zaure nake da ba ta samu shiga ba, saboda labarin da babu saurayi mai mota ko kishiya mai makirci ba ya riƙe masu karatun dare. A nan kuwa babu wanda zan gundura, don haka na bi ta a hankali, na ba ta suna, na ba ta ɗa da ya tafi kudu bai dawo ba, na bar ta ta yi kwana uku a cikin rubutuna ba ta yi komai ba sai zama da kallon hanya. Ranar nan na wuce kalma 1,300 ban lura ba, kuma na tashi da wani farin ciki da rabona da shi tun ina rubuta labarai a bayan littafin darasi a makarantar sakandare. Wannan shi ne abin da shafin ya yi mini, kuma a kansa nake ba shi yabo mafi girma: ya cire mai kallo daga ɗakin, sai hannu ya saki.

Adadin kalmomin ma an zaɓe shi da hikima. Masu sha'awar rubutu da dama sun san gasar NaNoWriMo da aka fara a Amurka a 1999, wadda take neman mutum ya rubuta kalma 50,000 a cikin watan Nuwamba kaɗai, wato kusan 1,667 a kullum, kafin ƙungiyar da take shirya ta ta sanar da rufewa a 2025. Wancan nauyi ne da yake buƙatar mutum ya ture sauran hidimominsa, alhali 750 ana iya cika ta tsakanin sallar asuba da ɗora ruwan koko. Mai rubutu da Hausa ma yana da wata rangwame da Bature ba shi da ita, domin harshenmu cike yake da ƙananan kalmomi masu zaman kansu, irin su ya da ta da na da a, kuma kowace ɗaya lissafa ta ake yi. A waya nakan gama cikin minti 25 zuwa 30. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suna shiga lafiya ƙalau idan an saka Hausa a allon rubutu na Gboard, kuma suna nan yadda suke idan an dawo karantawa.

Inda nake da ja da tsarin shi ne wajen ladan da yake bayarwa. Ana ba mutum maki, ana kuma ba shi lambobin yabo masu siffar tsuntsaye: ƙwai ga sabon shiga, talotalo ga wanda ya yi kwana 3 a jere, wani babban tsuntsun teku a kwana 30, sai tsuntsun almarar nan da ake cewa yana tasowa daga toka ga wanda ya kai kwana 100. Akwai kuma ƙalubalen wata-wata, inda mutum yake ɗaukar alkawarin rubutu kowace rana daga farkon wata zuwa ƙarshensa. Ba zan musa ba, a makonnin farko waɗannan abubuwa sun taimake ni, domin akwai safiyar da ba don kada jerin kwanakina ya tsinke ba da ban buɗe shafin ba, kuma a irin waɗannan ranaku ne wani lokaci rubutu mai kyau yake fitowa. Amma da na kai kwana 46 sai rasuwa ta kai mu ƙauye, inda ba a samun sabis sai an hau tudu, jerin ya tsinke. Abin da ya ba ni tsoro shi ne yadda raina ya ɓaci a kan haka a gidan makoki, da yadda na dawo na yi kwana biyar ban rubuta komai ba saboda ina ganin an koma da ni farko. Laifin ba na shafin ba ne, har ma an tanadi hanyar ɗaukar hutu ga wanda ya san zai yi tafiya, ita kuwa mutuwa ba ta sallama. Abin da na gane shi ne bashin da na gudo wa a zaure ya biyo ni da wata kama, wannan karon ni ce mai bin bashin kuma ni ce ake bi. Tun daga lokacin na daina duba lambobin, ban sake shiga ƙalubalen wata ba, kuma ina ba duk wanda matsin lamba ne ya raba shi da rubutu shawarar ya yi haka tun ranar farko.

Bayan an gama rubutun rana, shafin yana fitar da bayanai a zane: tsawon lokacin da aka ɗauka, saurin bugu, sau nawa aka dakata, sannan yanayin zuciyar mai rubutu da abin da ya fi damunsa. Na farkon suna aiki da kowane harshe. Na biyun kuwa an gina su ne a kan jerin kalmomin Turanci, don haka ba su fahimtar Hausa, kuma abin da suke nunawa game da rubutuna ba ya da alaƙa da abin da na rubuta. Ban ɗauki wannan babbar asara ba.

Maganar kuɗi ita ce za ta fi tsaya wa mutanenmu a rai. Kwana 30 na farko kyauta ne, daga nan sai biyan kuɗi duk wata, tsarin da aka fara a 2013 da dala 5 a wata. Ga Ba'amurke wannan kuɗin kofin gahawa ne, amma a lokacin da dala take wajen naira 1,500 ya kama naira 7,500, kuɗin da zai sayi data ta wata guda har da canji, ga kuma wahalar samun katin banki da yake biya a ƙasashen waje. Sannan dole sai da intanet, abin da yake nufin ranar da sabis ya yi rauni ko caji ya ƙare babu wuta, sai dai a rubuta a wani wuri a kwafo daga baya kafin sha biyun dare. Duk mai adalci zai yarda cewa littafin rubutu mai ganye 80 da biro za su yi mafi yawan wannan aiki, kuma da hannu ita Julia Cameron ta ce a yi tun asali. Dalilin da ya sa ni na zaɓi biya shi ne ina zaune a gidan yawa, inda littafi ba ya da sirri. Yara suna buɗewa su yi zane, ƙanne suna karantawa, kuma da zarar na san wani zai iya gani sai in koma tauna kowace kalma kafin in rubuta ta, wato dai matsalar da nake neman magani. Kalmar sirri ta fi ƙasan katifa tsaro. Duk da haka ina tuna wa kaina cewa rubutun yana ajiye ne a kwamfutocin wasu mutane a wata ƙasa, shi ya sa ba na saka cikakkun sunayen mutane ko lambobin banki, kuma kowane ƙarshen wata nakan sauke kwafin abin da na rubuta in adana a wurina.

Ya kamata kuma a san abin da shafin ba ya yi. Ba ya koyar da ƙa'idojin rubutun Hausa, ba ya nuna inda labari ya yi sanyi, ba ya rarraba aiki babi-babi, domin kowace rana shafinta daban ne kuma gobe sabon farin fili za a tarar. Wanda yake shirya gajeren labari don gasa irin Hikayata, wadda sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta, zai iya samun ƙwayar labarinsa a nan, amma sassaƙa da gogewa sai ya kwashe ya kai wani wuri, ya kuma nemi idon wanda ya fi shi sani. Haka nan marubuciyar da rubutu ne abincinta, wadda masu karatu suke jiran ta kowane dare, wannan shafi ba zai maye mata gurbin zaurenta ba, sai dai ya zama ɗan ɗakin da take shiga ita kaɗai kafin ta fito kasuwa. Wanda nake ganin zai fi amfana shi ne wanda ya taɓa son rubutu sannan tsoron ido ko gajiyar biyan buƙatar mutane ta kashe masa gwiwa, kuma ko shi ina ganin kwana 30 na kyauta sun isa ya gane ko hanyar ta karɓe shi, in ta karɓe shi kuma kuɗin ya yi masa yawa ya ci gaba da ita a takarda.

Ni dai har yanzu ina biya, kuma ina rubutu kwana huɗu ko biyar a mako, ranar da ban samu dama ba kuma ba na ramawa. Labarin tsohuwa mai fura ya kai babi goma sha ɗaya a wani fayil daban da nake kwashe shi a ciki, kuma har yau babu wanda ya karanta ko layi ɗaya, har da ƙawar da ta nuna mini shafin. A inda na tsaya jiya, tsohuwar ta sayar da akuyarta ta ƙulle kuɗin mota, tana zaune a tasha tana jiran ta farko mai zuwa Zariya, domin wani direba ya ce mata ya ga mai kama da ɗanta a Sabon Gari.